Lokacinmu gajere ne: mu fara renon iri tun cikin gida, mu ba yara aikin

 

Maganar da munka zo da ita yau guda ce. Duk gidan da ke da yara, ya fara renon irin kayan miya a tsakar gida tun gero yana tsaye a gona, kuma a danƙa aikin a hannun yaran. Tumatir, shu, salati, tattasai, tanka, gauta, ɗan abin da ya samu. Wani zai ce wagga ai ƙaramar magana ce. Ku bari mu yi lissafin kwanaki tukuna, sannan ku yanke hukunci.

Garin Tahoua yana samun ruwan sama wajen milimita 350 a shekara. Wata shekara ya ɗara, wata ya kasa, kuma mafi yawansa cikin Yuli da Agusta yake zuba. Tun 1961 gwamnatin Nijar ta yi doka ta ja layin da noman damina zai tsaya daga arewa, daga nan sai ƙasar kiwo, kuma layin nan bai yi nisa da mu ba. Wato a bakin iyaka muke noma. Manomin Zariya yana da wata biyar ko fiye na ruwa. Mu in mun samu kwana 90 na kirki, sai hamdala.

Lokacin garka ma haka yake, gajere ne. Sanyin da kayan lambu ke so yana kamawa wajen tsakiyar Nuwamba, ya sake mu cikin Fabrairu. Da Maris ya shigo zafi ya fara, Afrilu da Mayu kuwa digiri 40 ba labari ba ne a nan. Tumatir in zafin rana ya wuce digiri 35, furensa zubewa yake yi, ba ya ƙulla ɗa yadda ya kamata. Salati ya miƙe ya yi ɗaci. Ga rijiya tana ja baya, ga tafki yana janyewa kullum.

To ga lissafin. Irin tumatir yana buƙatar kamar kwana 25 zuwa 30 a wurin reno kafin a dasa shi, sannan wata biyu ko biyu da rabi kafin a fara tsinka. Ƙaramin mai garka yakan jira a gama kaka, a ɗaure damma, a huta, a nemo kuɗin iri, sai ka ga ya yafa iri tsakiyar Nuwamba. Dashe tsakiyar Disamba. Tsinkar farko ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, daidai lokacin da kowa ya fito da nasa, kasuwa ta cika, zafi kuma ya tsaya a ƙofa. Kwandon da ake rububinsa a Disamba shi ne ake roƙon mai saye da shi a Maris, in ya ƙi tafiya a yanka a shanya a yi kauɗa. Amma in an shuka irin nan cikin gwangwani a gida tsakiyar Satumba, dashe zai zo tsakiyar Oktoba, fure ya tarar da sanyin Nuwamba, tsinka ta fara ƙarshen Disamba ta yi ta tafiya har Maris. Wata biyu kenan anka ƙwato. Watan farko na rayuwar tsiro ba ya buƙatar gona, ba ya buƙatar inji ko mai. Wuri kamar faɗin tabarma ya ishe shi.

Me ya sa sai cikin gida? Saboda a Satumba fili bai samu ba. Fadama tana iya kasancewa cikin ruwa, jigawa kuma gero da wake ne a kanta. Ruwan sama mai ƙarfi guda ɗaya yana iya kwantar da fangalin iri gaba ɗaya, abin da ya rage fara da tsuntsu su ƙarasa. A tsakar gida kuwa akwai rumfa, akwai katanga, akwai ido.

Ba mu kaɗai ne masu gajeren lokaci a duniya ba. Mutanen Kanada da Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, suna shuka tumatir da tattasai cikin ƴan kwanoni a bakin taga tun Maris, in sanyi ya sake su sai su fitar su dasa. Su sanyi suke tsere da shi, mu zafi da ƙarancin ruwa. Dabarar dai ɗaya ce, kada a jira fili. Kuma ba sai mun je Rasha koyo ba. Manoman albasa na Galmi, Madaoua da Tamaske sun daɗe da sanin cewa wanda ya yi reno tun damina ba ta ƙare ba shi ke fitar da albasar farko, lokacin da buhu ke da daraja. Su manyan ƴan sana'a ne, ba su buƙatar nasiharmu. Muna magana ne da sauran gidaje, masu fangali biyar ko goma, da waɗanda ba su da ko ɗaya.

Yanzu sai maganar yara. Duk wanda ya san Adar ya san abin da ke faruwa bayan kaka: motoci su cika da samari da magidanta, a tafi bida. Wa ke saura a gida? Mata, tsofaffi da yara. Wanga ba sabon abu ba ne. Bayan farin 1984, lokacin da marigayi Seyni Kountché ya yi kiran a rungumi noman rani, shekarar ce kuma anka fara shirin raya karkara na Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO. Waɗanda sunka ɗauki duwatsu a ka, sunka jera su a kan tuddai, sunka dasa itatuwa, mafi yawansu mata ne, don maza ba su nan. Ruwan da anka tare a wancan lokaci har yau ana cin amfaninsa a garake. Tun da mun san wa ke saura a gida, hikima ita ce a koya wa mai saura, tun maigida bai ɗauki jakarsa ba.

Ga kuma babban hutun makaranta, daga Yuli har ƙarshen Satumba. Yaran ƙauye suna gona, wannan mun sani. Amma ku zaga Bilbis, Wadata, Sabon Gari ko Gueben Zogui da hantsi, ku ƙirga yaran da ke zaune kan wayar yayyensu ko suna yawo bakin tafkin Babaye. Akwai yaro ɗan shekara goma a garin nan, jikan manomi, wanda bai taɓa ganin ƙwayar irin tumatir a tafin hannunsa ba. A ganinsa tumatir cikin gwangwani ake haifarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ƙirga ƙwaya 20 ya shuka, 16 sunka fito, ya yi lissafi ba tare da allo ba. Ya ga abin da mantuwar yini ɗaya ke jawowa. Kuma iyaye mata za su ba mu shaida, yaron da ke ture ganye a kwano, in shi ya shuka da hannunsa, ci yake yi har ya nemi ƙari.

Yadda ake yi ba shi da wuya, amma akwai ƙa'ida.

Mazubi: gwangwanin tumatir ko na madara, ledar fiya wata da anka yanke bakinta, bidon da ya fashe a raba shi biyu, tsohuwar roba ko tasa. Duk abin da ke cika mana lungu yana toshe magudana. Sharaɗi ɗaya ne, a huda gindinsa wuri uku ko huɗu don ruwa ya fita. Hudar gwangwani da ƙusa aikin babba ne, a kuma danne bakinsa kada ya yanki yaro.

Ƙasa: kashi biyu na ƙasa mai kyau, irin ta gindin itace, kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu da ya ruɓe ya yi baƙi. A tankaɗe a cire tsakuwa. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro, kada a kuskura. Tankaɗe da cuɗawa kuwa yara ba su da abin so kamarsa.

Shuka: a jiƙa ƙasar tukuna. A yi ɗan rami da bai wuce rabin gaɓar yatsa ba, a sa ƙwaya biyu ko uku, a rufe da ƙasa kaɗan, a ɗora ƴar busasshiyar ciyawa a sama. Irin tumatir giram ɗaya yana da ƙwaya wajen 300, don haka ƙulli guda ya ishi gida huɗu ko biyar su raba. Cikin kwana biyar zuwa bakwai tumatir da shu za su leƙo, tattasai da tanka sukan kai kwana goma ko fiye. Da sun leƙo a janye ciyawar. In sun yi ganye biyu na gaske, a bar mai ƙarfi guda a kowane gwangwani.

Wuri: a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Da mun ce cikin gida, ba cikin ɗaki muke nufi ba. Tsiron da ya tashi cikin duhu yana yin tsawo, siriri, fari fat, in an fitar da shi ya faɗi. A nemi gefen rumfa na gabas, inda ranar safe ke shiga, inuwa ta rufe shi da azahar. A ɗaga shi daga ƙasa, kan bulo ko tsohon gado, saboda kaji, awaki da ƙadangaru. In hadari ya haɗo, yara su ja shi ƙarƙashin rumfa. In akwai tsohon gidan sauro da ya yage ba a kwana cikinsa, a wanke a yafa a kai, yana tare ƙananan fararen ƙwarin nan da ke kawo cutar naɗewar ganyen tumatir. Amma don Allah kada a cire wa yaro gidan sauronsa mai kyau a rufa wa tumatir. Agusta zuwa Oktoba lokacin masassara ne.

Ban ruwa: safe da maraice, kaɗan kaɗan, da gwangwanin da anka huda kamar rariya. Yawan ruwa ya fi ƙarancinsa kisa, don shi ke ruɓar da gindin tsiro, ka tashi da safe ka tarar sun kwanta kamar an yanke su. Yaro ya sa yatsa ya ji, in da danshi ya bari. Kada kuma a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, sauro ya samu gida.

Dashe: salati kamar sati uku, tumatir da shu wata ɗaya, gauta da tattasai sati shida, albasa sati shida zuwa takwas. Satin ƙarshe a rage ruwa, a ƙara masa rana, don ya saba da wahala kafin ya fita. A dasa da la'asar sakaliya, da ƙasarsa a jiki, a ba shi ruwa nan take. Oktoba tana da nata zafin, don haka a kafa masa ƴar inuwa ta kara kwana uku ko huɗu. Karoti da kuɓewa kuwa ba su son a tuge su, a shuka su kai tsaye inda za su zauna.

Akwai gargaɗi biyu da ba mu so a wuce su. Na farko, irin kanti da za ku gani da launi, ja ko shuɗi ko kore, magani ne anka shafa masa, kuma guba ne. Babba shi zai sa shi a rami ya wanke hannu da sabulu, sauran a ɓoye inda yaro ba ya kai hannu. Maganin feshi ma ba aikin yara ba ne ko kusa. Na biyu, in kun ga an rubuta F1 a jikin leda, irin aure ne. Yana ba da amfani sosai a shukar farko, amma in anka ajiye ƴaƴansa don baɗi ba za su fito kamar uwarsu ba. Mai son ya ajiye iri ya nemi na gida wurin tsofaffin masu garka na Tadis. Su ma za su ji daɗi a ce yau ga yaro ya zo tambaya.

Mun san akwai masu ja, kuma suna da hujja. Wata uwa za ta ce: “Ruwan sha ma sai mun saya wurin ƴan ga-ruwa, ina munka ga na ba gwangwani?” Gaskiya ne, ruwa kuɗi ne a garin nan. Amma gwangwani 20 ba su shan abin da ya wuce buta ɗaya ko biyu a yini. Ruwan alwalar gida ɗaya, in anka tara shi a roba, ya fi haka. Ga na wankin shinkafa da na ɗauraye ganye. Mai omo ko sabulu ne kawai ba a so. Babban ruwa sai bayan dashe ake nemansa, shi ya sa muke cewa kowa ya reni daidai abin da zai iya shayarwa. Gindi biyar da sunka rayu sun fi hamsin da sunka bushe.

Wani zai ce yara suna da aikin da ya ishe su. Wannan ma gaskiya ne, musamman ƴan mata: ɗibar ruwa, daka, talla, goyon ƙane. In renon iri zai zama wani kaya ne da za a ƙara wa yarinya alhali ɗan uwanta yana ƙwallo, to gara a bari. Aikin nan minti goma ne da safe, goma da maraice, kuma a raba shi tsakanin maza da mata. Sannan abin da yaro ya rena nasa ne. A rubuta sunansa a jikin gwangwani. In an sayar, kuɗin ya tafi ga littafinsa da alƙalaminsa, ko a nuna masa a tukunya a ce yau miyarka muke sha. In babba ya karɓe ya yi shiru, baɗi ba mai ba ka ruwa.

Wani kuma zai ce: “Ni haya nake, ba ni da garka, ina zan dasa?” Buhun da anka cika da ƙasa da taki yana ɗaukar gindin tumatir ko tattasai guda, a jingine shi jikin katanga. Abin da ya yi saura a kai wa dangi masu garka, ko a sayar. Duk Oktoba da Nuwamba akwai masu neman dashe ido rufe, saboda nasu ya lalace ko sun makara.

Kada kuma mu ruɗi kanmu. Gwangwani 20 ba za su cika rumbu ba, ba za su hana matashi tafiya bida ba, ba su maye gurbin rijiya ko madatsar ruwa. Amma mun ga 2005, bayan fari da farar ɗango. Mun ga yadda kasuwa ta koma lokacin da anka rufe iyaka da Nijeriya bayan 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowa ya ji a tukunyarsa. Gidan da ke da ɗan ganye a bayan ɗaki da yaran da sunka san yadda ake tada shi, bai zama ɗaya da gidan da komai sai an saya ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Don haka muna da roƙo ga mutane huɗu.

Iyaye mata, ku fara tara gwangwani da leda tun yanzu, ku ware takin da ya ruɓe gefe guda kafin ruwa ya wanke shi.

Magidanta, kafin ku hau mota, ku bar kuɗin iri a gida, ku zauna da yara maraice ɗaya ku nuna musu. Ku da kunka riga kuna can, in kun aiko da kuɗin cefane ku ce ga jika ɗaya ta iri, ku kuma ce a turo muku hoton tsiron ta WhatsApp. Yaron da ya san babansa zai tambaya ba ya manta ban ruwa.

Malaman makaranta da kwamitocin COGES, garkar makaranta takan makara ne saboda sai an koma aji a Oktoba ake fara tunanin iri. In kowane ɗalibi ya zo da gindi biyu daga gida a satin komawa, aji mai yara 50 ya samu dashe 100 a rana ɗaya, ba a kashe ko dala ba. Haka ma zogale: wanda anka shuka cikin leda farkon Yuni ya isa dashe da ruwan Yuli, ya fi wanda za a jira bikin dashen itace na 3 ga Agusta samun damina.

Malaman gona, da cibiyar INRAN ta Tahoua, da ɗaliban aikin gona na Jami'ar Djibo Hamani, ku fito rediyo ku faɗa mana da Hausa da Tamajak wane iri ne ke jure zafinmu, wane ne ke nuna da wuri, kuma ina ake samun na gaskiya. Talaka in ya sayi mataccen iri sau ɗaya, ba ya sake gwadawa.

Tsakiyar Satumba ba ta da nisa. Wanda ya gwada, ya ba mu labarin abin da ya fito da abin da ya ƙi, mu karanta wa sauran jama'a su ƙaru. Tsofaffin masu garka kuma, in akwai inda kuka ga ya kamata a ƙara, ƙofa a buɗe take, ku kun fi mu sanin ƙasar nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Amin. Sai mun ji daga gare ku.